Aladun daji a Amurka: ɓarnar da suke yi wa ƙasa da taƙaddamar yadda za a shawo kansu

A farkon shekarar 2024 ma'aikatar aikin gona ta jihar Texas a Amurka ta yi wa wata guba mai suna Kaput rajista, ta ba masu lasisin amfani da magungunan kashe ƙwari izinin sanya wa aladun daji ita. Wannan guba ce dai kamfanin da ke yin ta ya janye daga jihar a 2017, bayan an kai ƙara kotu, mafarauta da masu sarrafa nama sun tayar da jijiyar wuya. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya tambaya: ta yaya ƙasar da bindiga ta yi yawa a hannun jama'a ta kasa gamawa da alade har sai an koma ga guba? Abin ya ƙara ɗaure kai idan aka ji cewa a daidai lokacin da Texas ta cire wa mutane sharaɗin mallakar lasisi kafin su harbi alade a gonar da mai ita ya yarda, jihar Missouri haramta farautarsa ta yi a filayen gwamnati, kuma jihohin biyu duk suna cewa rage yawan dabbar suke son yi. Amsar tana cikin yanayin haihuwar dabbar, da kuma abin da ke faruwa da zarar ta zama abin samun kuɗi ko nishaɗi ga wasu.

Wace dabba ake nufi

Aladen dajin Amurka daban yake da gadun da ake gani a dazukan Afirka, irin wanda ke yawo a dajin Yankari da haurensa a lanƙwashe. Gadu ɗan ƙasa ne a inda yake, kuma akwai zaki da damisa da kura da ke rage shi. Na Amurka kuwa iri uku ne da suka gauraya: aladen gida da ya kuɓuce ya koma daji, da aladen daji na asali da aka kawo daga Turai domin farauta, da kuma 'ya'yan da aka samu daga barbarar waɗannan biyun. A wajen masana dabbobi duk jinsi ɗaya ne. Aladen gida idan ya rayu a daji, cikin 'yan zuriya kaɗan gashinsa kan yi kauri, jikinsa ya rage kitse, haurensa ya fito, ya koyi gudun mutum.

Hukumomi suna kiransa baƙon jinsi mai mamaya, wato dabba ko tsiro da aka kawo daga wata nahiya, ya sami wurin da babu abin da zai taka masa birki, ya yaɗu har ya danne na gida. Nahiyar Amurka ba ta da alade kafin zuwan Turawa. Akwai wata dabba mai kama da shi a kudu maso yammacin ƙasar, amma danginta daban ne, kuma doka ma ba ta haɗa su.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne yadda suke zama. Mata da 'ya'yansu suna yawo a garke guda, uwaye biyu ko uku ko fiye tare da ƙanana, har garken ya kai ashirin ko talatin, manyan maza kuwa sukan yi yawo su kaɗai. Duk wata dabarar kamu da ake muhawara a kanta a yau tana komawa ne ga wannan garke.

Yadda suka shigo da yadda suka bazu

Tarihi ya nuna cewa Hernando de Soto, ɗan ƙasar Sifaniya, ya sauka a Florida a 1539 da aladu a matsayin guzuri, kuma wasu sun ɓace masa a hanya. Daga baya manoman kudancin ƙasar suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna sakin aladunsu su yi kiwon kansu a daji, sai lokacin yanka a tattaro abin da aka samu. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 kuma masu kuɗi suka riƙa shigo da aladen daji na Turai cikin gandun farauta, kamar wanda aka kafa a tsaunukan North Carolina a 1912, inda daga baya dabbobin suka fasa shinge suka fantsama.

Abin lura shi ne duk da wannan dogon tarihi, har zuwa farkon shekarun 1980 aladun suna jihohi ƙasa da ashirin ne, akasarinsu a kudu. Yau ma'aikatar aikin gona ta tarayya tana ƙiyasta cewa sun haura miliyan 6, a jihohi kusan 35. Texas kaɗai ana ƙiyasta tana da kimanin miliyan 2.6, kuma an same su a gundumomi 253 cikin 254 na jihar. Alade ba dabba ba ce mai ƙaura ta ɗaruruwan kilomita, saboda haka idan aka wayi gari aka ga garke a wata jiha mai nisa da inda aka san su, ba da ƙafarsu suka je ba. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a kan garkunan ya tabbatar da abin da jami'an gandun daji suka daɗe suna zargi, cewa mutane ne ke loda su a bayan mota cikin dare suna sakin su a kusa da gida, domin su sami abin farauta ba tare da doguwar tafiya ba.

Lissafin haihuwa

Macen alade tana iya ɗaukar ciki tana da wata shida zuwa takwas. Cikin nata wata uku ne da mako uku da kwana uku, kwana 114 ke nan a ƙiyasi, kuma takan haifi biyar ko shida a lokaci guda, wani lokaci har fiye da goma. Idan abinci ya wadata tana iya haihuwa sau biyu a shekara. A cikin manyan dabbobin dajin Amurka babu mai haihuwa kamar haka, barewa ma ɗaya ko biyu take haifa a shekara.

Masu bincike na jami'ar Texas A&M sun lissafa cewa sai an kashe kusan kashi biyu cikin uku na aladun jihar kowace shekara kafin yawansu ya tsaya cik, ba ma a ce ya ragu ba. A lokacin da suka yi wannan lissafi, abin da ake kashewa ta farauta da tarko da sauran hanyoyi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ma'anar haka a aikace ita ce manomin da ya harbe aladu talatin cikin ɗari da ke yankinsa zai iya samun fiye da ɗari a baɗi. Wannan lissafi shi ne ma'aunin da ake auna kowace hanya da shi, domin hanyar da ke kashe da yawa amma ba ta kai wannan mizani ba, rage zafi kawai take yi na ɗan lokaci.

Irin ɓarnar da suke yi

Babbar ɓarnar alade da hanci yake yin ta. Yana cusa shi cikin ƙasa yana tono saiwoyi da tsutsotsi da gwazarma, kuma garke guda zai iya kwana a filin ciyawa a wayi gari kamar an bi shi da garma, sai dai garmar da ba ta bi layi ba, ramuka nan da can, wasu har su kai gwiwa. Filin da aka yi wa haka ba ya yankuwa da inji sai an sake baje shi, kuma tarakta da ta faɗa irin waɗannan ramuka da gudu takan karya ƙarfe. A gonar masara sukan zo daren da aka yi shuka, su bi layi ɗaya bayan ɗaya suna tono irin, manomi bai sani ba sai ya ga tsiro bai fito ba, a lokacin kuma kwanakin shuka sun ja. Idan masara ta fara nuna sai su dawo su kwantar da kara, abin da suka tattake ya fi abin da suka ci. Gyaɗa da dawa da shinkafa da alkama da waken soya duk suna shan irin wannan. Wani bincike da aka yi a jihohi 11 a kan amfanin gona iri shida ya ƙiyasta asarar kimanin dala miliyan 190 a shekara guda, ma'aikatar aikin gona kuma ta taɓa ƙiyasta jimillar ɓarna da kuɗin yaƙi da su a kan kusan dala biliyan 2.5 a shekara. Irin waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne da ke dogara da abin da manoma suka faɗa, shi ya sa sukan bambanta daga wani rahoto zuwa wani.

Alade ba ya gumi yadda zai sanyaya jikinsa, saboda haka dole ya nemi ruwa da taɓo ya yi birgima. Wannan ne ke kai shi bakin rafi da tafki da madatsun ruwa, inda yake rusa gaɓa, ya dama ruwan da shanu ke sha, ya bar kashinsa a ciki. Ƙasar da aka tone a gangare ruwan sama ke kwashe ta, kuma ciyayin da ke fara fitowa a wurin galibi baƙi ne marasa amfani ga dabbobi. Sabon dashen itatuwa ma bai tsira ba, domin suna tumɓuke shi su ci saiwar.

Sannan alade yana cin nama. Yana cin ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, da ƙwan kunkurun teku a gaɓar Florida da Georgia, da 'yan raguna da 'yan awaki da aka haifa a fili. Abin da ya faru a tsibirin Santa Cruz na Kalifoniya ya nuna yadda ɓarnar kan bi ta bayan gida: 'ya'yan aladu suka jawo gaggafa daga babban yanki suka zauna a tsibirin, gaggafar kuma suka koma cin wata ƙaramar dabba dangin yanyawa wadda babu irinta a ko'ina sai a tsibiran yankin, har ta kusa ƙarewa. Sai da aka kashe aladu sama da 5,000 tsakanin 2005 da 2006, aka kwashe gaggafar, sannan dabbar ta farfaɗo.

Akwai kuma cuta. Aladun daji suna ɗauke da cututtuka masu kama shanu da karnuka da aladun kiwo, wasu har da mutum, kamar cutar da ke sa dabba ɓari wadda mafarauci kan ɗauka wajen fiɗa da hannu babu safa. A 2006, lokacin da gurɓataccen alayyafo daga Kalifoniya ya kwantar da mutane kusan 200 ya kashe uku, masu bincike sun sami irin ƙwayar cutar a kashin aladun daji da ke shiga gonar, tare da na shanun da ke kusa. Kai wa mutum hari ba kasafai yake faruwa ba, ko da yake a 2019 garke ya kashe wata mata a ƙofar wani gida a gabashin Texas.

Tarko, jirgi da shinge

Hanyar da jami'an gwamnati suka fi amincewa da ita ita ce kama garke gaba ɗaya. Ana fara zuba masara, wani lokaci wadda aka jiƙa ta yi tsami saboda warinta, a wurin da aka ga sawunsu. Idan sun saba sai a kewaye wurin da shingen ƙarfe mai faɗi, a bar ƙofar a buɗe kwana da kwanaki, har mako biyu ko fiye, ana kallonsu ta kyamarar da ke aika hoto zuwa wayar mai tarkon. Shi kuma yana ƙirga su kowane dare. Ƙanana ne ke fara shiga, tsohuwar uwa takan tsaya a waje tana shaƙar iska. Idan ya yi gaggawa ya saki ƙofa ta wayarsa alhali tana waje, ya kama goma sha biyar amma ya bar wadda ta fi kowa haihuwa, kuma ya koya mata abin da tarko yake, ita da duk 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Aikin haƙuri ne, kuma kayan suna cin dubban daloli, abin da ƙaramin manomi ba zai iya saye shi kaɗai ba.

Harbi daga jirgi mai saukar ungulu yana kashe da yawa cikin sa'o'i kaɗan a fili mai sarari, musamman a lokacin sanyi da ganye ya kaɗe, amma ba ya aiki a kurmi, kuma kuɗin hayar jirgi na da yawa. Idan garke ya ragu saura 'yan tsiraru masu wayo, akan kama mace ɗaya a maƙala mata na'urar nuna wuri a sake ta, ita kuma da yake ba ta iya zaman kaɗaici sai ta nemo sauran, a bi ta a same su. Shinge mai ƙarfi, ko mai wutar lantarki, yana kare lambu ko ƙaramar gona mai amfani mai tsada, sai dai ba ya rage ko alade ɗaya, tura su yake yi gonar maƙwabci.

Gwamnatin tarayya ta kafa shiri na ƙasa baki ɗaya a 2014 da kuɗi dala miliyan 20, dokar noma ta 2018 kuma ta ware dala miliyan 75 domin gwaji a yankunan da abin ya fi ƙamari. Tsarin shirin shi ne a fara gamawa da su a jihohin da ba su yi yawa ba, inda har yanzu abin zai yiwu. Jihar Colorado ta sanar a 2020 cewa ta kawar da nata. A Texas kuwa babu mai maganar kawarwa, rage ɓarna ake magana.

Farauta: Texas da Missouri

A nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Texas ta ɗauki hanyar sake wa kowa mara. Babu ƙayyadadden lokacin farauta, babu iyakar adadi, ana harbi dare da rana. A 2011 aka yi dokar da ta ba da damar sayar wa masu sha'awa kujera a jirgin harbi, a 2019 kuma aka cire sharaɗin lasisi. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasar Texas mallakar mutane ce, gwamnati ba ta da ikon shiga ba da izini ba, kuma ba ta da ma'aikatan da za su fuskanci miliyoyin dabbobi, don haka duk hannun da zai ɗauki bindiga ana buƙatarsa. Suna ƙarawa da cewa kuɗin da mai gona ke karɓa daga mafarauta, ko daga sayar da aladu masu rai ga mahauta da ke fitar da naman zuwa Turai, yana rage masa asara.

Masu ɗaya ra'ayin suna kafa hujja da abin da ya faru a Tennessee. A 1999 jihar ta buɗe farautar alade a duk faɗinta, duk shekara, ba iyaka, da niyyar rage su. Cikin kusan shekara goma sai aka same su a gundumomi da yawa da a da ba a san su ba, saboda mutane sun riƙa kai su. A 2011 jihar ta sauya doka, ta cire alade daga jerin dabbobin farauta. Kansas ta haramta farautarsa don nishaɗi tun 2006, New York ta bi sahu, Missouri kuma ta haramta a filayen hukumar kare gandun dajinta a 2016, sannan a babban dajin tarayya na Mark Twain a ƙarshen 2019. Dalilansu biyu ne. Na farko, mafarauci da karnukansa kan kashe ɗaya ko biyu su tarwatsa garken da mai tarko ya yi makonni yana lallashi. Na biyu, muddin alade yana kawo kuɗi ko nishaɗi, za a sami wanda ba ya son ya ƙare, kuma mai gandun da ke karɓar kuɗin farauta ba shi da dalilin kashe uwa ta ƙarshe.

Mafarautan Missouri da wasu masu gonaki sun yi zanga-zanga a kan haramcin, suna cewa an mai da dajin gwamnati mafakar aladu, daga can suke fitowa su ci gonakin mutane, kuma masu tarkon gwamnati ba sa zuwa da wuri. Hukumomin jihar kuma suna nuna cewa yankunan da aladu ke ciki sun ragu tun daga lokacin. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba yanayi ɗaya suke magana a kai ba. Haramcin farauta ya yi amfani a inda aladu ba su riga sun cika ko'ina ba, inda babban haɗarin shi ne a kai su sabon wuri. A Texas an riga an wuce wannan mataki, amma lissafin kashi biyu cikin uku yana nan, kuma farauta ba ta taɓa kaiwa gare shi ba.

Maganar guba

Sinadarin da ke cikin Kaput shi ne warfarin, wanda aka daɗe ana kashe ɓera da shi, likitoci kuma suna ba masu matsalar daskarewar jini shi a ƙaramin awo. Alade ba ya jure shi, don haka abin da ake sanya masa bai kai ƙarfin na ɓera ba, amma sai ya ci kwanaki a jere kafin jini ya tsinke masa a ciki ya mutu. An haɗa shi da rini da ke mai da kitsen dabbar shuɗi, domin mafarauci ya gane idan ya fede. Ana zuba shi a mazubi mai murfi mai nauyi da alade zai iya ɗagawa da hanci, ƙa'ida kuma ta ce a nisanta dabbobin kiwo daga wurin, a binne mushen da aka samu.

Masu goyon baya, ciki har da Sid Miller, kwamishinan aikin gona na Texas a lokacin da aka yi wa gubar rajista, suna cewa ita ce hanyar da za ta iya kaiwa ga yawan da ake buƙata ba tare da tsadar jirgi ba. Masu adawa suna kawo abubuwa uku: mutuwar tana ɗaukar kwanaki kuma da wahala, alade mai guba a jiki zai iya tsallaka gonar wani a harbe shi a ci, kuma dabbobi irin su beyar suna iya buɗe murfin, masu cin mushe kuma su ci gawar da ba a gano ba. Masu sarrafa naman suna tsoron masu saye a ƙetare su juya musu baya.

Akwai guba ta biyu, sodium nitrite, gishirin da ake adana nama da shi, wanda ke hana jinin alade ɗaukar iska ya mutu cikin 'yan sa'o'i. Ostireliya ta amince da ita da sunan Hoggone. A Amurka gwajin da aka yi a Texas a 2018 ya gamu da cikas, domin ƙananan tsuntsaye sun ci ɓarɓashin da aladu suka zubar a gefen mazubi sun mutu, aka koma gyaran haɗin da mazubin.

Abin da ya shafi mutanen gari

Ƙaramin manomi ne ya fi jin jiki, saboda garke ba ya sanin iyakar gona. Idan ya kashe kuɗi ya kama na gonarsa, amma maƙwabcinsa yana zuba musu masara domin baƙin mafarauta, cikin 'yan watanni wasu za su maye gurbi. Wannan ya sa shirye-shiryen gwamnati suka koma haɗa masu gonaki na yanki guda su yi aiki tare, a ba su aron tarko. Wasu manoman sun daina shuka masara ko gyaɗa a gonakin bakin rafi sun koma auduga, wadda alade bai damu da ita sosai ba, ko da ribarta ba ta kai ba. Mazauna bayan gari a birane irin su Houston da Dallas suna tashi su tarar an tone musu farfajiya da filin wasa da maƙabarta, direbobi kuma suna karo da su da dare, dabba ce gajera mai nauyi, baƙa, wadda ba a hango ta da wuri.

Babban abin da ke hana jami'ai barci shi ne zazzaɓin aladu na Afirka. Ba ya kama mutum, amma yana kashe aladu kusan duka idan ya shiga garke. Ya ɓulla a Jamhuriyar Dominika da Haiti a 2021, kusa da gaɓar Amurka. Jamus ta ga abin da yake jawowa a watan Satumban 2020, lokacin da aka same shi a mushen aladen daji guda kusa da iyakar Poland, nan take Sin ta daina sayen naman alade daga ƙasar baki ɗaya. Denmak ta riga ta gina shinge mai tsawon kusan kilomita 70 a iyakarta da Jamus a 2019 saboda wannan tsoro. Amurka tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naman aladen da take samarwa, kuma gidajen kiwon nan su ne manyan masu sayen masara da waken soya, don haka rufewar kasuwa za ta taɓa manomin hatsi da bai taɓa kiwon alade ba. Cutar da ta shiga gidan kiwo ana iya killace ta, amma wadda ta shiga miliyoyin dabbobin da ke yawo a kurmi babu mai iya bin ta.

Daga arewa ma akwai wata barazanar. A shekarun 1980 an shigo da aladen daji na Turai Kanada domin kiwo, da kasuwar ta faɗi wasu suka kuɓuce, wasu kuma aka buɗe musu shinge. An zaci sanyin lardin Saskatchewan zai kashe su, sai suka koyi yin sheƙa da ciyayi a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, suka yaɗu zuwa Alberta da Manitoba. Jihar Montana, wadda ba ta da garke ko ɗaya da ya zauna, ta haramta farautarsu tun kafin su iso, ta kuma buɗe layin waya domin duk wanda ya ga alade ko sawun tononsa ya kira hukuma maimakon ya ɗauko bindiga.